Surukin Shugaba a Kwamitin Sa Ido

A tasha a Maraɗi, motar Jiratawa ba ta cika ba tukuna. Tabawa, mai sarin tumatir, tana zaune kusa da wani dattijo da ba ta sani ba, zance ya kai su ga wata koperatif, wato ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa, inda take sayen kaya.

"Baba, ruwan kanal ba ya kaiwa gonakin da ke ƙarshensa, amma na 'yan biro, shugabannin koperatif ɗin, kullum jiƙe suke."

"Ai akwai kwamitin sa ido, ɗiyata. Aikinsa ke nan, ya binciki biro."

"Wa ke riƙe da kwamitin? An ce mani surukin shugaba ne. Mutumin da ke tuɓe takalmi ya durƙusa kafin ya gaida shugaba, shi zai miƙe cikin taro ya ce an karkatar da ruwa?"

"Jama'a suka zaɓe shi."

"Da ɗaga hannu, shugaba na zaune yana kallo."

"To a ɗauko baƙo daga birni, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba?"

"Baƙon dai ba ya jin nauyin kowa."

Dattijon ya gyara zama, ransa ya ɗan sosu.

"Ke ba ki san Inusa ba. Yaro ne mai ladabi. Tun da na ba shi ɗiyata bai taɓa musa mani ba, ko a gida ko a taro."

Tabawa ta dube shi da kyau, ta jawo kwandonta da ta dawo da shi wayam jiya daga busassun gonakin.

"Na yarda, Baba. Tumatirin ƙarshen kanal ma ya shaida."