Akawal na Ɗakin Ƙarshe

A ƙofar bargar da ake kiwon dawakin mutane, wani dattijo riƙe da ledar karas ya tsaya gaban mai gadi.

"Baba, sabuwar doka ce. Tunda doki ya harbi wani baƙo, mai doki kaɗai ke shiga, kuma ba abincin waje."

"Akawal ɗin can, baƙin dokin ɗakin ƙarshe, a hannuna aka haife shi."

"Naka ne?"

"Da can. Ƙafata ta gaza, yara suka ce a sayar." Ya leƙa, bai hango komai ba sai jela. "Har yanzu yana tsoron tsawa?"

"Sosai! Ranar hadari sai na shiga ina shafa masa wuya."

"Doka ta yarda?"

Mai gadi ya sosa ƙeya. "Ba ta yarda ba, Baba."

"To, ka riƙa yi ta hagu, ya fi so."

"Karas dai ba zai shiga ba. Amma ban ji an hana murya ba."

Dattijon ya dafa ƙofa, ya kira sunan dokin a hankali. Can ciki, haniniya ta tashi.