Jaz Ko Gaz

Jiya bayan isha'i na ji ƙara a benenmu na unguwar Dokki a Alƙahira, kamar ana dukan ƙarfe agwagwa na kuka. Da safe na tarar da wani dattijo ya tare sabon ɗan haya a layin burodi.

"Kai ne? Mai gida ya ce in ka sake, khalas, ka kwashe kayanka."

"Baba, kiɗan jaz ne. Na sha wuya kafin in samo faifan nan."

"A Masar jaz ɗin nan gaz ake furta shi, gaz kuwa kananzir ne, yaro. Shi ko shayi yana dafawa."

"Sai ka saurara da natsuwa."

"Mai tallar gas yana kaɗa tukwanensa haka kullum, kyauta."

"Wancan hayaniya ce, wannan fasaha!"

Wata maƙwabciya ta juyo.

"To tukunyar gas ɗin da na sauko da ita jiya da na ji ƙarar nan, wa zai mayar min sama?"