Kwalaben Ruwa a Firjin Allura

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar zangonmu na Sokode, kawuna Alhaji Kassimu. Mai martaba Sarkin Zango da 'yan majalisarsa. Limamanmu da malamanmu. 'Yan kasuwa da direbobi. Iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa. Baƙuwarmu Madam Yendube, wadda ta taso tun daga Dapaong. Matasa, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo wannan fili: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni wannan dama, ina kuma godiya gare ku da kuka fito a lokacin da fita ta zama abin shawara, watanni shida ke nan ana yajin aiki, hanyar Lome a cike da shingaye, kowane gida a nan yana ɗauke da baƙin da suka gudo daga kudu. Ga wanda bai san ni ba, sunana Alidu, ni ne ma'aikacin jinya na ɗan asibitin da kuka gina da guminku a bayan masallaci. Kuna kirana Likita, ni kuma ina amsawa, ko da yake takardata ba ta kai nan ba.

An ce in yi magana a kan kimiyya da ci gaban al'umma. Na rubuta shafi huɗu, ga su nan a aljihuna, da jirgin sama a ciki, da wutar lantarki, da tauraron ɗan adam. Ba zan karanta su ba. Mutumin da ya raka yara goma sha ɗaya maƙabarta tsakanin ƙaramar salla da yau ba shi da fuskar tsayawa gaban iyayensu ya yi musu labarin tauraro. Zan yi magana a kan firji ɗaya, wanda ke kusurwar ɗakin aikina, kuma ina roƙonku ku yi haƙuri da ni har in kai ƙarshe.

Abu na farko, abin da ake faɗa a gari. Na ji shi a kasuwa, na ji shi a tasha, na ji shi a wurin gaisuwar mutuwa. Ana cewa yaran da ƙyanda ta kashe duk an yi musu allurar rigakafi, kuma wannan gaskiya ne. Daga nan sai magana ta rabu biyu. Masu goyon bayan gwamnati suna cewa 'yan adawa ne suka zuba wani abu a maganin tun daga tashar jirgin ruwa. 'Yan adawa suna cewa gwamnati ce ta aiko mana da ruɓaɓɓe da gangan. Wasu kuma, dattawa ma a cikinsu, sun yanke hukunci cewa allurar nan dama can ƙarya ce, ci gaban da ake ta yi mana waƙarsa bai wuce wannan ba. Shekara biyu da rabi ke nan duk abin da ya same mu, ko tulu ne ya fashe, sai mun nemo jam'iyyar da ta fasa shi. To, ni na zo in gaya muku cewa babu hannun Lome a wannan al'amari, babu hannun jam'iyya, babu hannun Bature.

Abu na biyu, yadda maganin yake. Allurar ƙyanda rayayyen abu ce, sanyi ke riƙe da ranta. A cikin firjin akwai ma'auni, kuma dole ya tsaya tsakanin biyu da takwas, dare da rana. Idan zafi ya daɗe a kanta sai ta mutu, kuma ba ta canza launi, ba ta wari, kwalbarta tana nan fes kamar ranar da aka kawo ta. Kana iya zuƙar ta, ka tsira wa yaro, ya yi kukansa, ka buga hatimi a karnensa, wato katin allurarsa, uwa ta goya shi ta tafi tana sa maka albarka, alhali ruwa ka zuba masa.

Wannan ba a littafi kawai na koye shi ba. Shekara tara na yi ina aiki a Dapaong ƙarƙashin wannan baiwar Allah da ke zaune a gabanku, Madam Yendube, ungozoma ce, 'yar ƙabilar Moba. Makullin firji a wuyanta yake, a igiya ɗaya da ɗan gicciyenta. Wata rana cikin bazara wani babban jami'i ya aiko da direbansa da kwalaben lemo guda biyu, a sanyaya masa. Ina tsaye ta dubi direban ta ce, "Ka gaishe shi, ka ce masa ɗakin nan na yara ne, babu wurin manya." Direban ya ce, "Madam, kin san ko wane ne?" Ta ce, "Na sani. Shekarunsa sun wuce na allura." Mun yi dariya ranar, ni ma na koyi wannan amsa, kuma na sha faɗinta a Dapaong ba tare da gabana ya faɗi ba, domin a can ni baƙo ne, ba wanda ya goya ni, ba wanda ya biya mini kuɗin makaranta.

Sai na dawo gida.

Abu na uku shi ne mai nauyin, kuma Kawu Alhaji, ka gafarce ni. Jiya na same ka a zaure na gaya maka abin da zan faɗa, ka ce in faɗa da sunanka. Allah ya saka maka da alheri.

Kun tuna azumin bana. Kun tuna zafinsa. Wuta ba ta zama, masu sayar da ƙanƙara sun rufe, firjin da ya rage yana aiki a unguwar nan shi ne namu, domin da kananzir yake tafiya. Ranar uku ga wata Kawu ya aiko da kwalbar ruwa ɗaya, ɗaya tak, a ajiye masa zuwa buɗe-baki. Wannan mutum shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni makaranta, rabin kwanon da ke kan asibitin nan shi ya saya. Amsar Dapaong ta zo har bakina, sai na ji kunya ta riƙe ta. Na ce a raina, kwalba ɗaya me za ta yi? Na karɓa da hannu biyu.

Washegari aka kawo ta Liman. Wanda ya karɓi ta kawunsa, da wane baki zai mayar da ta Liman? Sai ta surukina, sai ta malamin da ya koya mini karatu, sai ta tsohuwar da ta yanke mini cibiya. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tilasta mini, babu kuma wanda ya san abin da yake jawowa, domin ni da na sani ban buɗe baki na gaya musu ba. Kowa da alamarsa a wuyan kwalba, wannan jan zare, wancan tsumman atamfa, har muna raha a kai. Kafin tsakiyar wata na ƙirga kwalabe talatin da huɗu. Ana kawo su da zafinsu bayan azahar, ana buɗe ƙofa ana rufewa har magariba, ga shi kuma na rage lagwani domin kananzir ya yi wuya. Ma'auni ya hau sha biyar, ya hau ashirin. Ruwan da ya kai ashirin sanyi ne mai daɗi a bakin mai azumi, amma ga allura ajali ne.

Ban tsaya nan ba. A goman ƙarshe wuri ya ƙare, sai na riƙa fitar da kwalayen maganin ina sa su a bokiti, in rufe da jiƙaƙƙen buhu, daga azahar zuwa magariba, kullum. Akwai takardar da ake rubuta abin da ma'auni ya nuna safe da yamma. Tana nan a bango, kowa na iya zuwa ya duba. Lamba shida na riƙa rubutawa, daga farkon wata har ƙarshensa, da hannuna. Kuma kada wani ya ɗauka ni ban sha ba. Tawa kwalbar tana ciki, mai koren zare.

Bayan salla da kwana huɗu muka yi rigakafi. Yara ɗari da bakwai na tsira wa wannan magani. Na san akwai shakka a kansa, na lallashi zuciyata da cewa wataƙila bai mutu duka ba, domin in na zubar da shi sai an tambaye ni dalili, in an tambaye ni dalili sai na ambaci sunayen da ba na iya ambata. Sai ƙyanda ta shigo, ta same mu a cunkushe, ɗaki ɗaya mutum goma.

Bara'atu, matar Mamadou mai gyaran keke, tana nan a cikinku, na gan ta. Tagwaye gare ta. Alassani ya rasu ranar Talata, Huseini ya tashi, amma idanunsa ba su tashi tare da shi ba. Bayan kwana bakwai ta zo asibiti da karne biyu a hannu, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ta shimfiɗa su a kan teburina ta ce, "Yaya Alidu, ni ban yi boko ba. Duba mini, ko akwai ranar da na makara?" Na duba. Ba ta makara ko sau ɗaya ba. Na ce mata haka Allah ya ƙaddara. Ta ce, "Haka ne," ta kwashe takardunta ta tafi. Bara'atu, Allah ya ƙaddara, wannan babu shakka, amma tambayar da kika yi mini ba ita na amsa ba. Yau nake amsa miki, a gaban mutane: ba ke ba ce, ni ne. Tun ranar ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba.

Jama'a, to mene ne ci gaba? Mun ɗauka abu ne da ake saukewa daga mota. Ranar da aka kawo firjin nan mun yanka rago, an yi kiɗa, an yi jawabai, har aka ce zango ya shiga zamani. Masana da ba mu san sunayensu ba sun ƙare rayuwarsu kafin su samo wannan magani, ya ƙetare teku da sanyinsa, ya hau mota da sanyinsa, ya wuce Langabu da sanyinsa, ya iso Sokode lafiya lau, sannan ya mutu taku goma daga hannun yaro, saboda wani ƙato mai takardar shaida ya kasa ce wa kawunsa a'a. Kimiyya ta cika alkawarinta. Abin da ta nema a wurinmu kaɗan ne, a bar ƙofa a rufe, a rubuta lambar da aka gani. Matasanmu suna kan titi suna neman ranar da talaka zai iya duban mai mulki ya ce masa a'a, kuma ina yi musu fatan alheri. Amma ni na gano cewa faɗin a'a ga wanda kake tsoro ya fi sauƙi a kan faɗinta ga wanda kake ƙauna. Ba ina cewa mu zubar da kunya da girmama manya ba, da su muka zama mutane. Ina cewa akwai ƙofa ɗaya a unguwar nan da bai kamata su shiga ba.

Abu na ƙarshe, kuma saboda shi na tona kaina. Da na rasa inda zan sa raina, na rubuta wa Madam Yendube wasiƙa na gaya mata komai. Ba ta amsa ba, sai ga ta da kanta. Ta nemo sabon magani ta hannun abokan aikinta na wajen Sinkase, ta sa shi a akwatin ƙanƙara, ta ɗora a cinyarta a gaban motar albasa, kusan kilomita ɗari uku, shinge bayan shinge. Direban ya gaya mini cewa da rana ta take ya roƙe ta gutsuren ƙanƙara ɗaya, ta hana shi, ita ma ruwan jarka mai zafi ta sha har suka iso. Ƙanƙarar nan ba za ta wuce jibi ba. A cikin yara ɗari da bakwai ɗin nan akwai fiye da sittin da ƙyanda ba ta taɓa ba tukuna, iyayensu suna zaune da karne mai hatimi suna zaton an kare su. Ba a kare su ba. Hatimina ne a kai, kuma ina gaya muku ƙarya ne. Cutar kuwa tana nan, jiya ma an kawo mini biyu.

Don haka ina roƙonku, don girman Allah, gobe da hantsi ku kawo su. Wanda ya ce ba zai ƙara miƙa ɗansa ga hannuna ba, ya yi daidai, ban kuma nemi ya yi ba. Madam ce za ta yi allurar, ni aikina in riƙe ƙafafun yara. Hukuncin da ƙungiya da hukuma za su yanke a kaina, na karɓa tun kafin a faɗe shi, amma a bari sai jibi. Ga makullin firjin, Kawu, na ajiye shi a gabanka. A ba wanda zai iya duban idonka ya hana ka.

Wadda za ta fara shiga layi gobe 'yata ce, Adawiyya, watanninta goma sha ɗaya. Ita ce ta farko da na tsira wa wancan ruwan bayan salla, domin mutane su gani su yarda. Uwarta ba ta san wannan magana ba sai yanzu da take jin ta tare da ku.

Allah ya jiƙan yaranmu goma sha ɗaya, ya sa su zama masu ceton iyayensu. Allah ya ba Bara'atu da sauran iyaye haƙurin da ba ni da bakin ba su. Allah ya haskaka wa Huseini rayuwarsa. Allah ya mayar da baƙuwarmu gidanta lafiya, ya kwantar da ƙurar da ta tashi a ƙasarmu, ya buɗe hanyoyi, ya mayar da kowa ɗakinsa. Allah ya yafe mini, ya sa ku ma wata rana ku iya. Allah ya sa adadin nan ya tsaya a goma sha ɗaya.

Na gode.