Kifi Mai Bin Yatsa

A shagon kifin ado, wani dattijo yana manna yatsa a jikin gilashi, mai shago na kallonsa.

"Baba, ɗauki wancan babban mana. Dubi kyau!"

"Akwatin gilashina bai wuce tsawon hannuna ba, ina zan kai wannan jibgege? Mai fara'a nake nema, wanda zai taso ya gaishe ka."

"Kifi ne zai gaishe ka?"

"Yaro man kaza! Matata tun da aka yi mata aikin ƙugu ta ƙi taka ƙasa. Likita ya yi, na yi, a banza. 'Yarmu ta kawo mata ɗan jan kifi bakin gado, yana bin yatsanta, suka shaƙu. Rannan na mai da shi falo, na ce na manta ban ba shi abinci ba."

"Da gangan?"

"Da gangan mana! Taku goma sha huɗu ta yi, tana yi min faɗa, ni ina hawaye."

"Allahu akbar! To ga wannan rawayan, shi ma yana bin yatsa."

"Haɗa min da wani akwatin. Shi can bakin ƙofa zan ajiye shi."