Rabin Waƙar da Baba Ya Ɓoye

Nasiha: Halo, Baba? Salamu alaikum.

Baba: Wa alaikumus salam, Nasiha. Kin wuni lafiya?

Nasiha: Lafiya lau, Baba. Ya shago? Ya unguwarmu Maamobi?

Baba: Alhamdulillahi. Ɗinki ya yi yawa, wuta kuma sai ta ga dama. Ya gajiyar mota? Ya Takoradi?

Nasiha: Babu gajiya. Ya ƙafar taka? Ka shafa maganin?

Baba: Na shafa. Ya bikin da kika je? Ya amarya?

Nasiha: Wace... au, amarya tana lafiya. Tana gaishe ka.

Baba: Ina amsawa. Ya ma sunanta?

Nasiha: Baba, layin ba kyau.

Baba: Ni ina jin ki tangaran. Nasiha, ɗazu uwar Mujeeb ta kawo mini atamfa. Mujeeb ɗin nan na unguwar Nima, mai yawo da kyamara. Ta ce in ga fim ɗin da ɗanta ya yi a kan mata masu sayar da waakye, shinkafa da waken nan. Ta ce mutum arba'in kawai suka kalla, tana so in zama na arba'in da ɗaya. Na ajiye almakashi na karɓi wayarta. Ana cikin tafiya sai ga wata a kan benen wani gida, da mayafin da na yi wa baki da hannuna, tana busa ƙaho.

Nasiha: Koko?

Baba: Ƙaho na ce. Na Turawa, mai maɓalli uku. Kin ji ni sarai.

Nasiha: Na ji, Baba. Ka yi haƙuri. Babu wani biki. Taron kiɗan jaz ake yi a nan, na sababbin masu kiɗa. Wani ya ga fim ɗin, aka gayyace mu, mu huɗu. Bayan la'asar za mu hau dandamali.

Baba: Tun yaushe kike busawa?

Nasiha: Shekara uku. Ranar Asabar, in na ce maka na tafi kasuwar Circle sayo zare, daga can nake wucewa wurin koyo. Na ji tsoro ne. Na san abin da mutanen masallacinku za su ce, 'yar Malam Muftahu tana busa a gaban jama'a. In ka ce in dawo, yanzu zan nemi mota.

Baba: Ban kira don wannan ba. Ƙaryar ta yi mini ciwo, za mu yi maganarta in kin dawo. Na kira ne don kin yanke waƙar a tsakiya.

Nasiha: Na yanke?

Baba: A ina kika samo ta?

Nasiha: A bakinka mana. Ita kake fito da ita kullum a kan keken ɗinki. Na ɗauka tsohuwar waƙar Zongo ce.

Baba: Tawa ce. Ni na yi ta.

Nasiha: Kai, Baba?

Baba: Shekara shida ina busa ƙaho a wata ƙungiya, kafin a haife ki. Ni da Abdulai mai ganga da wasu 'yan ƙabilar Gā guda uku. Har Lome mun je. Da na nemi mahaifiyarki, kakanki ya ce ba zai ba mabushi 'yarsa ba. Washegari na kai ƙahon kasuwar Zongo Lane na sayar, na dawo da keken nan da kike gani.

Nasiha: Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ko Mama, Allah ya ji ƙanta.

Baba: Amin. Ni na roƙe ta. Kuma kar ki ɗauka na yi nadama. Shekara ashirin da biyu muka yi tare, ban ga ranar da na so a mayar mini da ƙahon ba. Sai yau da na ji ki, na bar ɗinkin na zauna ina kallon bango. Uwar Mujeeb ta zaci ciwon suga ne, ta aika a sayo mini lemo.

Nasiha: Baba, kar ka sa ni kuka, leɓena zai ƙi busa.

Baba: To, share. Saurara. Inda kika tsaya rabi ne. Akwai sauran, sama take hawa. Na daina fito da wajen tun da mahaifiyarki ta rasu, shi ya sa ba ki riƙe ba.

Nasiha: Na ji a jikina akwai abin da ya rage. Mujeeb ya ce haka ta fi daɗi.

Baba: Mujeeb ya tsaya a kan kyamararsa. Ƙahon yana kusa?

Nasiha: Yana cinyata.

Baba: Yoo, to. Bayan inda kike sauka, ki ja numfashi, sai: taa, ra-ra, taaa... ra... Halo? Kina ji?

Nasiha: Ya ɗauke a na uku. Sake, Baba.

Baba: Taa, ra-ra, taaa, ri-raa. Na ƙarshen ki riƙe shi har sai kin ji ƙirjinki ya yi fanko. Busa in ji.

Nasiha: ...Haka?

Baba: Kina sauri kamar motar trotro za ta bar ki. Sake, a hankali.

Nasiha: ...Yanzu fa? Baba?

Baba: Ina nan. Haka take. Ko ni ban taɓa busa ta haka ba.

Nasiha: Mutanen masallaci fa?

Baba: Ni ke ɗinka musu kayan salla, za mu daidaita. Ke dai ki yi la'asar kafin ki hau, ki kuma ci abinci. Ga muryar matar nan ta kamfanin waya tana cewa kuɗina saura minti ɗaya.

Nasiha: Bari in kira ka.

Baba: A'a, je ki koya wa abokanki sauran. Ki gaishe su.

Nasiha: Baba, tsaya. Mai gabatarwa ya tambaye ni sunan waƙar, na ce ba ta da suna.

Baba: Tana da shi. Ki ce masa Abibata. Ki ce wani tela ne a Maamobi ya yi wa...

Nasiha: Baba? Ban taɓa jin sunan Mama a bakinka ba. Halo? Baba?