Shafukan da Akuya Ta Cinye

A tashar motocin Keana da ke Lafia, wani mutum ya leƙa littafin da matar da ke kusa da shi take karantawa.

"Baiwar Allah, Tafkin Gishiri ne na uku?"

"Shi ne. Karo na biyu ke nan nake karanta shi."

"Don Allah gaya min ƙarshensa. Akuya ta cinye min shafuka biyar na ƙarshe."

"Akuya kuma! To Laraba dai ta kashe dodon tafkin, amma ruwa ya tafi da ita."

"Ta mutu ke nan?"

"Ta mutu. Wallahi har girki na ƙona ranar saboda kuka."

Sai ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Haba Malam! Mutuwar kake yi wa hamdala?"

"'Yata Muhibbat nake karanta wa, tana da sikila. Na ɗaya da na biyu duk a gadon asibiti muka gama su. Da muka zo inda babu shafi a na ukun, sai na riƙe littafin kamar ina karantawa, na ce Laraba ta fito daga ruwa ta koma gida. Ranar Muhibbat ta cinye abincinta tas."

"Yanzu tana ina?"

"Tana makaranta. Ni kuwa har na rantse sai na yanka akuyar nan."

Matar ta rufe littafinta.

"Ƙyale ta, ka ƙara mata dusa. Yanzu faɗa min, ta yaya Laraba ta fito?"