Bitamin Gyara Ne

Mai Aski: Salamu alaikum. Yaya, kina ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Mai Aski: Wa ke magana? Shekara arba'in da shida kina jin muryar nan. Mutane daga wata unguwa suke zuwa aski don kawai su saurare ta.

Yaya: Hamsin da biyu dai, Ɗan Gayu. Ni na goya ka. Ka tashi lafiya?

Mai Aski: Lafiya lau. Ya gida, ya maigidan, ya gwiwar?

Yaya: Giwa?

Mai Aski: Gwiwa, ta ƙafa. Matsa kusa da taga.

Yaya: Da sauƙi. Ya shago? Ya mutuniyata da yara?

Mai Aski: Suna gaishe ki. Ni ne ba lafiya ba, fushi nake. Kwana takwas ke nan da na rufe shago, na sa farar rigata, na raka ku wurin likitan farfaɗiya, na zauna ina juya muku Turanci kamar ruwa. Har nas ɗin ta tambaye ni ko a waje na yi karatu. Amma ko "sannu" a waya ban samu ba.

Yaya: Cewa ta yi ka tashi mata daga kujera. Ina wurin.

Mai Aski: Wannan daga baya ne. Ya Malama?

Yaya: Ai 'yar taka, sai godiya. Yau ita ta riga ni tashi. Ta share tsakar gida, ta goge kayanta, ta ɗauko littattafan aji uku tana dubawa, wai in ta ƙara samun wata biyu ba ta faɗi ba, za ta je ta roƙi hedimasta ya mayar da ita ajinta. Ɗazu har dariya take yi mini. Shekara huɗu ban ji dariyarta da safe ba.

Mai Aski: Kin gani? Hannuna ne. Duk abin da na sa wa hannu...

Yaya: Tun da muka ajiye tsofaffin ƙwayoyin nan masu sa ta barci, ta dawo mutum.

Mai Aski: Layin ya karce. Kuka yi me?

Yaya: Muka ajiye su. Suna cikin gwangwanin madara a saman durowa. Bitamin ɗin da likitan ya rubuta kawai take sha, safe da yamma.

Mai Aski: Tun yaushe?

Yaya: Yau kwana uku.

Mai Aski: Alhaji, yi haƙuri, riƙe mini kilifar nan. Kar ka motsa kai. Yaya, wa ya ce ku ajiye?

Yaya: Kai.

Mai Aski: Ni? Ni da kyakkyawan bakina?

Yaya: Kai ka juyo ka dube ni, kana shafa gashin baki, ka ce likita ya ce magani uku an gwada ciwon bai ji ba, yanzu ga bitamin, gyara ne. To abin da aka gyara, me zai ci gaba da yi da abin da ya kasa gyara shi?

Mai Aski: Ba wannan gyaran ba. Gyara na kasuwa nake nufi. In kin sayi tumatir aka ƙara miki biyu a kai, ba shi ne gyara ba? Ƙari ne a kan magani. Na zaɓo kalmar ne don ki gane da sauri, har ina jin daɗin kaina.

Yaya: Kai da kullum gyara ke bakinka, gyaran fuska, gyaran gemu, ina zan san na tumatir kake nufi?

Mai Aski: To yanzu kin sani. Ina take?

Yaya: Tana kicin, ruwan zafi za ta ɗora.

Mai Aski: Fito da ita daga wurin wuta tukuna. Ina jira.

Yaya: Malama, bar ruwan nan, zo ki zauna a falo. Kawunki ne, rigima yake ji. To, ta fito. Amma ka saurare ni da kyau. Ba zan mayar da ita kan ƙwayoyin nan ba. Ba kai kake ganinta ba. Ta sha su ta wuni kamar an jiƙa tsumma, ta manta inda ta ajiye allura, ta manta sunan ɗalibanta, kuma duk da haka sau biyu a wata sai ta faɗi. Ranar da ta faɗi a gaban allo, da su a cikinta. To amfaninsu me?

Mai Aski: Wannan ma na tambayi likitan, da Turanci mai kyau. Ya ce sau biyun da kike gani, da babu su zai iya zama sau goma. Ba su kashe ciwon ba, amma su ke riƙe da wuyansa. Ya ce bitamin ɗin gwaji ne, wasu yana taimaka musu, wasu ba ya yi, kuma magungunan kansu suna iya rage wa jiki wasu abubuwa da yake buƙata, shi ya sa ya auna jininta kafin ya rubuta. Bayan wata uku za a sake aunawa a gani.

Yaya: Duk wannan ba ka faɗa mini ba.

Mai Aski: Na taƙaita. Mai fassara na ƙwarai ba ya kwashe komai da komai.

Yaya: Me kuma ka taƙaita?

Mai Aski: Alhaji, na ce kar ka motsa, gefe ɗaya ne ya rage... Akwai jimla biyu da na tsallake.

Yaya: Ina ji.

Mai Aski: Ya ce kada a kuskura a tsayar da su kwatsam. In aka yi haka ciwon na iya tashi ya ƙi sauka, ba irin na minti biyun da kika saba riƙe mata kai ya wuce ba. Irin wanda sai an ruga asibiti. Na ga fuskarki a lokacin, na ga ta Malama, na ce bari in bar muku daɗin labarin bitamin ɗin.

Yaya: Ko kuma ba ka gane Turancin ba.

Mai Aski: Kalma ɗaya ce kawai ta shige mini duhu, ita ma laifin harshensa ne. Sauran na gane sarai.

Yaya: To in sauko da su in ba ta yanzu, har na kwana ukun?

Mai Aski: A'a, kar ki haɗa mata komai da ka. Mun yi na kanmu mun gani. Ki zuba gwangwanin da robar bitamin ɗin a jaka, ki ɗauko katinta na asibiti. Likitan zai ce ga yadda za a koma. Kuma maganar barcin nan da mantuwa, yau a gabansa za a yi ta. In akwai wanda za a rage ko a canza, shi ya rage da hannunsa. Malama da kanta za ta yi masa bayani, ta fi ni Turancin, ranar nan ma ni na hana ta magana.

Yaya: Tana jin ka, na buɗe murya. Ta sunkuyar da kai. Ta ce ita ba ta son komawa barcin nan.

Mai Aski: Malama, 'yata, ajin nan za ki koma shi. In likitan nan bai saurare ki ba, mu nemi wani, in raka ki, in yi shiru kamar kujera. Amma ba ta wannan hanyar ba. Ga shi na cire rigar aiki, Alhaji zai jira ni da rabin kai, ya ce ya yarda.

Yaya: Ina jin sa yana cewa bai yarda ba.

Mai Aski: Zai sa hula. Ku shirya, zan taho da mota, minti ashirin.

Yaya: Ban ce na yarda ba tukuna. Kwana uku ina murna, ina gaya wa maƙwabta an samu lafiya. Yanzu wa zan ce ya jawo?

Mai Aski: Ki ce kalmar ce mai fuska biyu.

Yaya: To sai anjima.

Mai Aski: Tsaya. Laifina ne.

Yaya: Halo? Layin ya karce. Me ka ce?

Mai Aski: Na ce laifina ne.

Yaya: Lefe? Wane lefe?

Mai Aski: Laifi, Yaya. Nawa ne, ni kaɗai, gaban Alhaji da duk masu jiran layi. Katin wayata ya kusa ƙarewa, don Allah ku...

Yaya: Tun na farko na ji ka. Malama ta riga ta sauko da gwangwanin, takalmi take sawa. Kar ka tsaya canza riga, ka taho yadda ka...